Yadda Ake Hasashen Furotin Mai Zama Amiloyid Ta Hanyar Kwamfuta

Kowane furotin jeri ne na amino asid, waɗanda iri 20 ne, kuma yawancinsu sai sun naɗe sun ɗauki wata siffa ta musamman kafin su iya aikinsu a jiki. Wani lokaci naɗin yakan kwance, ko kuma furotin ɗin dama can ba shi da tsayayyar siffa, sai wani ɗan guntu a jikinsa ya manne da irinsa na wani furotin, wannan ma ya manne da na gaba, har su zama dogon zare mai tauri wanda jiki ke shan wahalar narkarwa. Wannan zaren shi ake kira amiloyid. Shi ake samu a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzheimer, inda furotin amiloyid beta da tau ke taruwa, da masu cutar Parkinson, inda alfa-sinukilin ke taruwa, da kuma saifar sukari, wato fankiriyas, ta yawancin masu ciwon suga nau'i na 2. Furotin ɗin ɗan Adam da aka tabbatar suna taruwa haka a jiki sun kai kusan 40.

A cikin zaren, guntayen suna miƙewa ne a matsayin silin beta, wato siffar da jerin amino asid ke ɗauka idan ya miƙe bai murɗe ba, suna jeruwa ɗaya bisa ɗaya a gicciye da tsawon zaren, da tazarar kusan nanomita 0.47 tsakanin sili da sili. A shekarar 2005 ɗakin binciken David Eisenberg da ke jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles ya fitar da siffar wani guntu mai harafi bakwai, GNNQQNY (kowane harafi amino asid ɗaya ne), daga furotin Sup35 na yis. Aka ga shimfiɗun beta biyu, kowace jerin silin beta ce, sun fuskanci juna, rassan amino asid ɗinsu sun shiga tsakanin juna kamar haƙoran zif ɗin riga, babu ko ɗigon ruwa a tsakani. Abin da ya sa hasashe da kwamfuta ke yiwuwa ke nan: ba dukan furotin ne ke haddasa mannewar ba, ɗan guntu ne mai amino asid biyar zuwa goma sha wani abu. Manhajojin da za mu yi amfani da su wannan guntun suke farauta. Amma ka riƙe wannan tun yanzu: manhajar tana gaya maka ne cewa guntun zai iya mannewa idan ya samu sarari. Ko zai samu sararin a cikin jiki, wannan kai ne za ka bincika da kanka, kuma a nan mafi yawan aikin yake.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfuta mai intanet, da Excel ko makamancinsa. Yawancin manhajojin kyauta ne ga masu bincike, a burauza ake buɗe su.

Mataki na 1: Samo jerin, kuma ka tabbatar wanda jiki ke amfani da shi ne

Shiga UniProt, rumbun bayanan furotin na intanet, ka nemi furotin ɗinka, ka fifita shigarwar da aka tantance ta ɓangaren Swiss-Prot, ka sauke jerin a tsarin FASTA, wato rubutun jerin da haruffa. Za mu yi aiki da amilin, wanda ake kira IAPP, furotin da ke fita tare da insulin daga ƙwayoyin beta na fankiriyas. Lambarsa P10997.

Da ka buɗe za ka ga amino asid 89, alhali amilin da ke yawo a jini 37 ne kacal. Sauran ana yanke su ne kafin ya fita. Idan ka kwashi 89 ɗin nan gaba ɗaya ka zuba wa manhaja, abu na farko da za ta nuna maka da ja shi ne guntun sigina da ke farkon jerin, wanda ke nuna wa furotin hanyar fita daga ƙwayar halitta, domin cike yake da amino asid masu gudun ruwa, alhali an guntule shi tun a cikin ƙwayar halitta. Saboda haka ka gangara sashen da UniProt ke bayanin yadda ake yanka furotin, ka ɗauki balagaggen kawai:

KCNTATCATQRLANFLVHSSNNFGAILSSTNVGSNTY

Idan furotin ɗinka sabo ne, babu wanda ya yi masa bayani, ka bi da shi ta SignalP don gano guntun sigina, sannan DeepTMHMM don gano sassan da ke nutse a cikin fatar ƙwayar halitta. Waɗannan sassan su ma kullum suna samun maki mai yawa, saboda an yi su ne don su zauna cikin kitse. Ka yi musu alama, kada ka ɗauke su a matsayin abin da ka gano.

Sai batun lamba. Yanke guntun sigina yana canza ƙidaya, kuma wannan na rikita mutane sosai. Furotin tiranstairetin, mai lamba P02766, yana da amino asid 147 a UniProt, amma balagaggensa 127 ne domin an cire 20 na farko. Shi ya sa sauyin da tsofaffin takardu ke kira V122I, rahoton gwajin ƙwayoyin gado na yanzu ke rubuta shi V142I. Abu ɗaya ne. Ka zaɓi ƙidaya ɗaya ka rubuta ta a saman teburinka.

Mataki na 2: Karanta jerin da idonka kafin ka ba manhaja

Wanda bai san abin da yake nema ba, duk abin da allo ya nuna masa zai karɓa. Haruffan da ke son shiga amiloyid su ne masu gudun ruwa kuma masu son zama silin beta: V, I, L, F, Y, W. Masu hana mannewar kuwa su ne P, wato furolin, wanda ke karya silin beta saboda yanayin ƙashinsa, da masu caji, K, R, D, E, waɗanda ke ture juna idan aka jera iri ɗaya kusa da kusa. Sau da yawa za ka tarar da waɗannan a gefe da gefen guntu mai haɗari, masana na ce musu masu gadin ƙofa.

Duba jerin amilin. Daga wuri na 12 zuwa 17 akwai LANFLV, daga 22 zuwa 27 akwai NFGAIL. Na biyun an daɗe da nuna cewa shi kaɗai ma yana yin zare a kwalbar gwaji. A amiloyid beta, guntun da ya yi suna shi ne KLVFF, wuri na 16 zuwa 20, da wutsiyarsa GGVVIA. A tau kuma VQIINK da VQIVYK. Idan idonka ya saba da irin waɗannan, za ka riƙa gane lokacin da manhaja ta yi shirme.

Mataki na 3: Gwada manhajar da abin da ka riga ka san amsarsa

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, ni kuwa a ganina ya fi sauran muhimmanci. Kafin ka yarda da abin da manhaja za ta faɗa a kan furotin da ba a sani ba, ka ba ta guda biyu da duniya ta san halinsu. Amilin ya dace da wannan ƙwarai, domin na ɓera ba ya yin amiloyid:

KCNTATCATQRLANFLVRSSNNLGPVLPPTNVGSNTY

Bambancinsa da na mutum wuri shida ne kawai, uku daga ciki furolin ne a wuri na 25, 28 da 29. Daga nan ma aka samo dabarar maganin firamlintayid da Amurka ta amince da shi a 2005: amilin ɗin mutum ne aka sa masa furolin ukun nan na ɓera don kada ya dunƙule.

Ka zuba jerin biyu a manhajar da saiti iri ɗaya. Abin da kake so ka gani shi ne makin yankin 20 zuwa 29 ya faɗi a na ɓera. Sannan ka lura da LANFLV: yana nan daram a jerin biyu, don haka manhajar da ke kallon gudun ruwa kawai za ta iya ci gaba da yi wa na ɓera alama a wurin, alhali dukan furotin ɗin ba ya yin zare. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka iyakar abin da maki ke nufi. Ka ƙara amiloyid beta 42 da alfa-sinukilin, P37840, a cikin gwajin. A na biyun ka duba ko alamar ta faɗo a tsakiya, tsakanin wuri na 61 da 95, yankin da aka san shi ne zuciyar zaren.

Mataki na 4: Bi da jerin ta manhajoji masu tunani daban-daban

Guda ɗaya ba ta isa ba, kuma guda biyar masu dabara iri ɗaya daidai suke da guda ɗaya. Ka zaɓo daga gidaje daban.

TANGO, wadda ta fito a 2004 daga ɗakin binciken Luis Serrano, lissafin kimiyyar zafi take yi: ga kowane guntu tana auna rabon zamansa a murɗe, ko a sake, ko a manne da wasu. Za ta tambaye ka pH, da zafi a ma'aunin Kelbin, da yawan gishirin ruwan. Don yanayin jiki ka sa pH 7.4 da zafi 310. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce a ɗauki guntu idan amino asid biyar ko fiye a jere kowanne ya wuce maki 5 cikin ɗari. Sai dai TANGO dunƙulewar beta take hasashe gaba ɗaya, ba ta rarrabe tsararren zare da curin da ba shi da tsari.

Wannan giɓin ne Waltz ta zo cikewa a 2010. An gina ta ne a kan guntaye masu harafi shida da aka gwada ɗaya bayan ɗaya a ɗakin gwaji, aka ga wanda ya yi zare da wanda bai yi ba, don haka tana la'akari da wurin da kowane harafi ya zauna a cikin shidan. Tana ba ka zaɓi tsakanin saiti mai tsauri da mai sassauci. Idan kuɗin gwajinka kaɗan ne ka ɗauki mai tsauri, idan kuma tsoronka kada wani guntu ya kuɓuce maka ne, ka sassauta.

AGGRESCAN ta fito daga Basalona a 2007, daga rukunin Salvador Ventura. Ma'auninta daga ƙwayar halitta mai rai aka samo shi: an riƙa sauya amino asid ɗaya a tsakiyar amiloyid beta, ana duba yadda kowane sauyi ke dunƙulewa a cikin bakteriyar E. coli. Tana da sauri da sauƙin karantawa, amma tana da saurin yi wa duk wani wuri mai gudun ruwa alama.

PASTA 2.0 ta jami'ar Padova a Italiya, 2014, tana lissafa ƙarfin haɗuwar guntu da guntu, ta kuma faɗa maka ko silin za su jeru suna kallon gefe ɗaya ko a juye. ZipperDB kuma, ta ɗakin Eisenberg, tana ɗora kowane guntu mai harafi shida a kan ƙashin siffar da aka samo daga Sup35 ta auna dacewarsa ta amfani da manhajar Rosetta. Abin da ya kai −23 kilokalori a kowane mol ko ya yi ƙasa da haka, shi ake ɗauka mai haɗari.

Akwai AmylPred2 ta Atina da ke tattaro ra'ayin hanyoyi 11 wuri ɗaya, da AmyloGram da aka horar da koyon na'ura. Suna da amfani, amma kada su hana ka duba na asalin. Wani abin haushi da za ka ci karo da shi: yawancin shafukan nan ɗakunan bincike na jami'o'i ne ke riƙe da su, wani lokaci ka tarar shafi ya mutu na makonni. Duk sakamakon da ka samu ka sauke shi nan take, ka rubuta ranar da saitin da ka yi amfani da shi.

Idan jerinka cike yake da Q da N, da G, S, Y masu maimaituwa, to waɗancan manhajojin za su iya wuce shi ba su ce komai ba, domin ba ya gudun ruwa. Irin wannan yanki mai kama da firiyon na yis, wato furotin da ke yaɗa naɗinsa ga irinsa, kamar na Sup35, ko na FUS da TDP-43 a jikin mutum, PLAAC ake ba shi.

Mataki na 5: Haɗa sakamakon a teburi ɗaya

Buɗe Excel. Layi ɗaya ga kowane amino asid, ginshiƙi ɗaya ga kowace manhaja. Kada ka tara makinsu ka raba, domin ma'auninsu ba ɗaya ba ne: wata kaso cikin ɗari take bayarwa, wata kilokalori. Ka sa 1 inda manhaja ta yi alama bisa ƙa'idarta, 0 inda ba ta yi ba, ka tara a ginshiƙin ƙarshe. Guntun da uku cikin biyar suka yarda da shi, ya kai harafi biyar ko shida a jere, shi ne na sahun gaba. Wanda guda ɗaya ce kawai ta nuna, ka ajiye shi a gefe.

Mataki na 6: Duba ko guntun a ɓoye yake ko a fili

Yanzu aka zo wurin. Kusan kowane furotin mai dunƙulalliyar siffa yana ɗauke da aƙalla guntu ɗaya da zai ci maki mai yawa, saboda amino asid masu gudun ruwa su ne ke gina cikinsa. Muddin yana naɗe, guntun na binne, ba ya haɗuwa da ɗan uwansa. Saboda haka ka nemo siffar furotin ɗin a PDB, rumbun siffofin da aka gano a gwaji, idan babu ka ɗauko ta rumbun AlphaFold, manhajar hasashen siffa, wanda tun 2022 ya haura siffofi miliyan 200. Buɗe ta a PyMOL ko ChimeraX, ka shafa wa guntayen da ka samo launi, ka juya ta ka gani. Sannan ka ɗora fayil ɗin a Aggrescan3D, wadda ke lissafin dunƙulewa tare da la'akari da abin da ke waje da abin da ke ciki.

Abu uku za ka iya tararwa. Guntu yana fili, ko yana yankin da ba shi da tsayayyar siffa: wannan shi ne mai haɗarin gaske. Za ka gane irin yankin idan makin pLDDT, wato yawan yardar AlphaFold da hasashenta a wurin, ya yi ƙasa da 50, ka kuma tabbatar ta manhajar IUPred. Tau da alfa-sinukilin haka suke kusan gaba ɗayansu. Ko kuma guntun yana binne a tsakiya: a nan tambayar ta koma, me zai kwance furotin ɗin? Zafi, ko ruwa mai tsami, ko sauyin gado. Insulin misali ne, yana zaune lafiya, amma a dafa shi a ruwa mai tsami sai ya koma zare. Na uku, guntun yana wurin da furotin ke haɗuwa da abokin zamansa, a nan kuwa dole ka yi amfani da siffar rukunin gaba ɗaya, in ba haka ba manhajar za ta ɗauka a fili yake.

Tiranstairetin ya nuna wannan ƙarara. Guda huɗu ne ke haɗuwa su zama rukuni ɗaya a jini, kuma sai rukunin ya watse, kowane ɗaya ya ɗan kwance, sannan zare ke farawa. Sauyin V122I, wanda asalinsa Afirka ta Yamma ne kuma kusan kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari na baƙaƙen fatar Amurka ke ɗauke da shi, yana jawo taruwar amiloyid a zuciya bayan an manyanta. Amma V da I duk masu gudun ruwa ne, duk masu son beta, don haka a idon manhajar da ke karanta jeri kawai kusan babu abin da ya canza. Ɓarnar tana wajen raunana rukunin huɗun ne. Maganin tafamidis ma abin da yake yi ke nan, yana riƙe rukunin kada ya watse. Don irin wannan sauyi, kayan aikin da ke auna ƙarfin naɗi, irin su FoldX, sun fi amfani, a ɗora su a kan siffar rukunin.

Kada kuma ka sa ran AlphaFold ta zana maka siffar zaren kansa. Jeri ɗaya na iya yin zare iri-iri. Tun da aka fitar da siffar zaren tau na Alzheimer a 2017 a Kambirij da na'urar hangen ƙananan abubuwa mai daskarewa, aka ga tau ɗin yana naɗewa daban a cutar Pick da sauran cututtuka. Jeri kaɗai ba ya faɗin wanne zai fito.

Wani ɗan gargaɗi, tunda sikila ba baƙuwa ba ce a wurinmu kuma ɗalibai kan so su gwada da himogulobin S. Zaren da yake yi a cikin jajayen ƙwayoyin jini ba amiloyid ba ne. Furotin ɗin yana nan a naɗe yadda yake, manne wa juna kawai yake yi idan iskar oksijin ta yi ƙasa, ya kuma warware idan ta dawo. Waɗannan manhajojin ba don shi aka yi su ba.

Mataki na 7: Idan furotin dubbai za ka tace

Sauke manhajojin da ke aiki a kwamfutarka kai tsaye, irin su TANGO da PLAAC, ka cire guntun sigina da sassan cikin fata tun farko, sannan ka jera sakamakon daga sama zuwa ƙasa maimakon raba shi gida biyu na e da a'a. Dalilin lissafi ne. A ce, don misali kawai, manhajarka na kuskuren yi wa furotin ɗaya cikin goma alama. A furotin 20,000 na ɗan Adam, ka tashi da 2,000 na ƙarya, alhali waɗanda aka tabbatar ba su wuce 'yan gomomi ba. Ka kuma tuna ba duk amiloyid ne cuta ba: E. coli da gangan take yin zaren kurli da furotin CsgA don ta manne a wuri, jikinmu kuma na amfani da zaren PMEL wajen ajiye launin fata.

Mai son horar da nasa samfurin zai samu bayanai a WALTZ-DB da AmyPro. Ya tabbatar ya raba jerin da suka yi kama da juna da CD-HIT kafin ya ware na horo da na gwaji, in ba haka ba samfurin haddar amsa zai yi, makin ya fito da kyau a takarda kawai.

Mataki na 8: Kai shi ɗakin gwaji

Ɗauki guntaye uku zuwa biyar na sahun gaba ka sa a haɗa maka su. Ga kowanne ka yi odar abokin gwaji: jeri iri ɗaya amma an sa P a tsakiya, ko an hargitsa haruffan. Gwajin farko shi ne rinin tayofilabin T, wanda haskensa ke ƙaruwa a wajen nanomita 480 idan ya kama zare. Ana bin hasken na sa'o'i ko kwanaki, kuma abin da aka saba gani shi ne shiru na ɗan lokaci, sai tashi da sauri, sai ya daidaita. Rinin Kongo ja, idan ya kama zare, yana ba da launin kore a ƙarƙashin haske mai tacewa. Rini kaɗai na iya yaudara, don haka a ƙara da hoton na'urar hangen ƙananan abubuwa ta lantarki don a ga zare marar rassa mai kaurin kusan nanomita 10, sannan in da hali a haska masa eksire a nemi alamar nanomita 0.47.

A rahotonka ka rubuta lambar UniProt, da ƙidayar da ka bi, da sunan kowace manhaja da saitinta, da yadda amilin na mutum da na ɓera suka fito a hannunka. Guntun da ba a kai ga gwada shi ba, ka rubuta shi a matsayin wanda aka yi hasashen zai iya dunƙulewa, ka ajiye kalmar amiloyid ga waɗanda aka ga zarensu.